Yadda Mai Masana'anta Zai Sauke Nauyin Al'ummar da Yake Kasuwanci a Cikinta

Duk shekara idan azumi ya gabato, za a ga dogon layi a ƙofar masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa, mata a gefe guda maza a gefe guda, kowa riƙe da 'yar takarda yana jiran a kira shi ya karɓi shinkafa da sukari da gero. Wannan alheri ne, kuma babu mai hankalin da zai raina shi, domin wanda ya kwana da yunwa ne ya san darajar kwano guda na hatsi. Sai dai akwai masana'antar da za ta raba buhu ɗari biyar ta ƙofar gaba, alhali ta bayan katanga ruwan dagwalonta yana malala cikin unguwar mutanen da suka zo karɓar rabon, leburorinta kuma sun shiga wata na biyu suna bin bashin albashi. Wannan jagora an yi ta ne domin mai matsakaiciyar masana'anta, kamar ta casar shinkafa ko jima ko ruwan leda ko matsar man gyaɗa, wanda yake son ya tsara abin da manyan kamfanoni ke kira sauke nauyin al'umma da kasuwanci mai ɗorewa, kuma ba shi da kuɗin da zai buɗe wa abin ofishi na musamman. Ginshiƙin maganar shi ne cewa ana fara duba hanyar da riba take shigowa kafin a duba inda kyauta take fita.

Rarrabe wajibi da zakka da kyauta

Matakin farko aikin takarda da alƙalami ne, wanda za a iya gamawa a zama ɗaya da akawun kamfani. A raba duk abin da kamfani yake fitarwa da sunan taimako gida uku, domin rashin rarrabe su shi ne yake sa mai kamfani ya ɗauka ya yi ƙoƙari alhali bai ko biya abin da ake binsa ba. Gida na farko shi ne abin da doka ta wajabta, kamar albashi da fansho da haraji da tsabtace abin da masana'anta take zubarwa. Gida na biyu shi ne zakka, wadda haƙƙi ce a kan dukiyar Musulmi idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ɗaya bisa arba'in a kan kuɗi da kayan ciniki, kuma aya ta 60 ta Suratut Tauba ta riga ta ƙayyade mutane takwas da za a bai wa. Bai dace a ɗauki zakka a buga mata tambarin kamfani a kira 'yan jarida ba, domin an mayar da haƙƙin talaka kuɗin talla ke nan. Gida na uku shi ne abin da kamfani ya ga dama ya yi don kyautata wa maƙwabta, kuma shi kaɗai ne ya cancanci a kira shi gudummawa.

A Najeriya babu wata doka guda da ta tilasta wa kowane kamfani ware wani kaso na ribarsa domin al'umma, saɓanin Indiya, inda dokar kamfanoni ta 2013 ta ɗora wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribarsu ta shekaru uku da suka gabata. Abin da muke da shi dokoki ne na ɓangarori. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin haƙo mai su kafa asusun amana na al'ummomin da suke aiki a yankinsu, su riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta wuce. Dokar ma'adinai ta 2007 kuwa ta ce mai lasisin haƙar ma'adinai sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma a riƙa sake duba ta duk shekara biyar. Mai injin shinkafa a Kura ko mai majema a Challawa waɗannan dokoki biyu ba su hau kansa ba, amma tsarinsu abin aro ne, wato kaso sananne, da yarjejeniya a rubuce, da lokacin sake dubawa.

A fara daga cikin gida

Ma'aikata su ne al'ummar da ta fi kowace kusa da kamfani, kuma su ne aka fi mantawa da su idan ana maganar taimako. Tun daga Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne a wata, kuma ko da yake dokar ta sassauta wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, mai masana'antar da ya san farashin kwanon masara a kasuwa ya san abin da ƙasa da haka yake nufi ga mai iyali. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin a cire masa kashi 8. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, domin idan inji ya datse wa yaro hannu a sami inda za a biya shi diyya. Da yawa daga cikin masu masana'antu suna kauce wa waɗannan ta hanyar ɗaukar kowa a matsayin ɗan aikin rana, mutum ya shekara bakwai yana dako a wuri ɗaya amma a takarda baƙo ne. Wannan dabara tana rage kashe kuɗi a yau, sai dai tana haifar da ma'aikacin da ba ruwansa da inji ko ya lalace ko ya gyaru, kuma duk ranar da ya sami inda aka ƙara masa ɗari biyar zai tafi da ƙwarewar da aka sha wahala wajen koya masa.

Abin da ya kamata a yi a aikace ba shi da sarƙaƙiya. A rubuta sunan duk wanda yake aiki a harabar, har da 'yan dako da masu shara da masu gadi da matan da suke tsintar tsakuwa a cikin shinkafa ko riɗi, a rubuta abin da kowa yake samu da ranar da yake samunsa. A tsayar da ranar biya guda wadda ba ta motsi, domin talaka ya fi jure ƙarancin albashi a kan rashin sanin ranar da zai zo, tun da da wannan rana yake yi wa mai kanti da mai gidan haya alƙawari. Umarnin a bai wa ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe sananne ne ga kowa a nan, aiki da shi ne yake wuya idan kaya suka yi kwantai.

Daga nan sai mai kamfani ya zaga harabar da ƙafarsa, shi da kansa, ba manaja ba, a ranar da ba a sanar ba. Ya duba ko belin inji yana da marufi, ko mai aikin sinadari yana da safar hannu da takalmin roba, ko mai aiki cikin ƙura yana da takunkumi, ko tukunyar kashe gobara tana da abu a ciki ko kuwa ado ce a bango, sannan ya taɓa ƙofar fita ta gaggawa ya ga ko an garƙame ta da kwaɗo saboda tsoron sata. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka ta ƙasar Bangaladash, ya kashe mutum 1,134, mafi yawansu masu ɗinkin tufafi, bayan an ga tsagewa a jikin ginin tun ana gobe amma aka umarci ma'aikata su koma bakin aiki. Mu ma a nan gida, a watan Yunin 2020 'yan sanda sun fito da ma'aikata fiye da ɗari daga wata masana'antar shinkafa a Kano, waɗanda aka hana fita tsawon watanni lokacin kullen korona. Kamfanin da irin wannan labari ya fita a kansa, ko rijiya nawa ya haƙa daga baya, da wannan labarin mutane za su riƙa tuna shi.

Abin da yake fita ta bayan katanga

A nan ne aikin ya fi nauyi kuma ya fi cin kuɗi, shi ya sa aka fi tsallake shi. Kowace masana'anta tana fitar da abu huɗu ko wasu daga cikinsu, wato ruwa da hayaƙi da shara da ƙara, kuma kowanne yana da inda yake sauka. Ruwan da ya fito daga Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗe da Jakara, ya wuce har madatsar Wasai, a kan hanya kuma manoman lambu suna jan sa suna shayar da latas da alayyafo da karas da ake kai wa kasuwannin birni. Wanda ya fito daga Challawa da Sharaɗa yana gangarawa kogin Challawa, wanda yake haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru inda dubban masunta da makiyaya da manoma suke cin abinci. Saboda haka mai majemar da ya saki ruwan jima mai ɗauke da sinadarin kuromiyam ba tare da tacewa ba, yana iya cin ragowarsa a cikin kwaɗon latas a gidansa, kuma ya aika wa mutanen da bai taɓa gani ba a Jigawa da Yobe.

Hanyar farawa ita ce a bi ruwan da ƙafa. A tsaya a bakin bututun da yake fita daga masana'anta, a bi kwatar har inda ta ƙare, a lura da gidajen da take wucewa ta ƙofarsu da rijiyoyin da suke kusa da ita da wuraren da yara suke wasa. Sannan a ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a kai ɗakin gwaji, na jami'a ko na ma'aikatar muhalli ko mai zaman kansa da aka amince da shi, a gwada shi da ma'aunin da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ta ƙayyade wa irin wannan sana'a. An kafa hukumar a 2007, kuma tana da ƙa'idoji daban-daban ga masu jima da masu abinci da masu sinadarai da sauransu. Wanda zai gina sabuwar masana'anta babba ko ya faɗaɗa tsohuwa ya tuna cewa dokar tantance tasirin aiki a kan muhalli ta 1992 tana nan, kuma yin binciken kafin a zuba harsashi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan rushe gini daga baya.

Idan sakamako ya fito, ba lallai ne a fara da injin tace ruwa mai tsada ba. Da yawa daga cikin gyaran farko na bulo da siminti ne, kamar raga da za ta tare gashi da ɓaɓɓakin nama da leda, da rami biyu ko uku a jere inda ruwa zai kwanta laka ta zauna kafin ya wuce, da raba magudanar ruwan sinadari daga ta ruwan wanki domin kada kaɗan mai guba ya gurɓata mai yawa. A majema, raba ruwan kuromiyam yana ba da damar a farfaɗo da sinadarin a sake amfani da shi, kuma tun da da kuɗin waje ake sayo shi, abin da aka ceto riba ce kai tsaye. Lakar da ta taru a ramukan kuwa kada a bari masu amalanke su kwashe su kai gona da sunan taki sai an gwada ta. Dalilin wannan gargaɗi shi ne cewa gubar ƙarfe ba ta wari kuma ba ta nuna kanta da wuri. A 2010 aka gano cewa ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara tana ɗauke da gubar dalma, kuma yara fiye da 400 suka rasu, iyayensu suna zaton zazzaɓi ne ko iska. Masu narka tsofaffin batura da masu fenti su riƙe wannan da kyau.

Mai casar shinkafa matsalarsa ta fi sauƙi, har ma tana iya zama hanyar samu. Ɓuntu yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera, ke nan duk tan biyar da aka casa an tara tan guda na abin da ake jibgewa a bayan gari ana cinna masa wuta, ya kwana yana ci a hankali yana turnuƙe unguwa da hayaƙi. Wannan ɓuntun makamashi ne. Ana iya ƙona shi a murhun tukunyar turara shinkafa a maimakon itace ko baƙin mai, ana iya matsa shi ya zama curin girki, masu kiwon kaji kuma suna saye domin shimfiɗa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga masu layin Band A, wato rukunin da aka fi bai wa wuta, a Afrilun 2024, lissafin makamashi ya canza gaba ɗaya, ta yadda faifan sola a kan rufin sito da gyaran injin da yake shan wuta fiye da ƙima sun zama abin da akawu ma zai goyi baya, ba sai mai kishin muhalli ba. Mai ruwan leda shi kuma ya dubi ledarsa da take toshe magudanai duk damina, ya haɗa kai da 'yan gwangwan da masu narka roba, ya sa farashi a kan kilo, ya bari direbobinsa su riƙa dawowa da buhunan leda a motar da a da take dawowa wayam.

Manomi da dillali da mai saye

Nauyin kamfani yana bin kayansa gaba da baya. Ta baya akwai manomin da aka sayi amfaninsa, kuma mafi girman alherin da za a yi masa shi ne sikeli na gaskiya da biya a kan lokaci, abin da Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi a kansa tun farkonta. A riƙa gwada sikelin a gaban masu kaya da nauyin da aka sani, a bayyana yadda ake rage kuɗi saboda danshi ko tsakuwa kafin a sauke kaya, ba bayan mota ta tafi ba, kuma a sa ido a kan wakilan saye, domin sau da yawa kamfani yana biyan farashi mai kyau amma rabinsa yana maƙalewa a hannun wanda aka tura ƙauye.

Ta gaba kuma akwai mai ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dikulobos da aka riƙa samu a cikinsa, irin wanda wasu 'yan kasuwa suke zubawa a buhu domin kada wake ya yi ƙwari. Asarar ba ta tsaya ga waɗanda suka zuba maganin ba, ta shafi kowa da yake fitar da wake, kuma abin da Turawa suka ƙi mu ne muke cinye shi a gida. Kamfanin da yake sayen wake ko riɗi ko masara a Dawanau ko a ƙauye zai iya raba wa masu kawo masa kaya buhun nan mai ninki uku da ba ya shan iska, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ƙwari suke mutuwa a cikinsa ba tare da magani ba, ya kuma ƙara ɗan farashi ga wanda ya kawo kaya mai tsabta. Wannan taimako ne ga manomi, kariya ce ga mai ci, kuma shi ne yake buɗe wa kamfani ƙofar masu saye na waje.

Sannan a fita wajen maƙwabta

Sai an kama hanyar gyara waɗannan ne maganar rijiya da aji da asibiti take da ma'ana, kuma ko a nan ɗin kuskuren da aka fi yi shi ne yanke shawara daga ofis. Na taɓa tsayawa a wata unguwa a bayan gari inda wani kamfani ya gina rijiyar burtsatse, da tanki a sama da famfo shida da allon marmara mai ɗauke da sunan kamfanin da ranar buɗewa. Famfunan duk sun bushe, akuya tana kwance a inuwar tankin, yara kuma suna wucewa ta gabansa da jarkoki a kan baro zuwa inda ake sayar da ruwa. Da na tambayi wani dattijo da yake zaune a kan dakali, sai ya ce, "Wallahi ɗana, wata huɗu ta yi tana aiki. Injin ya ƙone, muka je kamfani suka ce sun riga sun miƙa mana, mu kuma ba a taɓa gaya mana wanda aka miƙa wa ba." Kuɗin da aka kashe a allon da bikin buɗewa da ya isa gyaran injin.

Domin kauce wa irin wannan, a fara da gaisuwa ga mai unguwa ko dagaci, a nemi ya kira zama, amma kada a tsaya a kansa shi kaɗai. A saurari limamai da shugabannin matasa da shugaban makarantar firamare da ma'aikacin ɗakin shan magani, sannan a shirya wa mata zama nasu daban wanda mace za ta jagoranta, domin su ne suka san nisan ruwa da tsadar itace da ciwon da yake damun yara, kuma ba za su faɗa a gaban taron maza ba. A yi tambaya biyu a kowane zama, ta farko me kamfanin nan yake yi da yake cutar da ku, ta biyu me kuka fi buƙata. Amsar tambayar farko takan yi ɗaci, ana iya jin cewa tireloli sun farfasa hanya, ko janareta yana hana barci, ko an ɗebo ma'aikata daga nesa an bar 'ya'yan unguwa suna zaman kashe wando, amma ita ce ta fi amfani, kuma mai kamfani ya daure ya saurara ba tare da kare kansa ba.

Daga abin da aka ji a zaɓi aiki ɗaya ko biyu, waɗanda suke da alaƙa da sana'ar kamfanin kuma zai iya riƙewa shekaru. Masana'antar da take da injiniyoyi da makanikai ta fi dacewa da koya wa matasa goma walda da gyaran lantarki duk shekara a kan ta gina asibitin da ba ta da likitan sa wa a ciki. Duk abin da za a gina a ware masa kuɗin kula tun daga farko, a kafa kwamiti na mutanen unguwa wanda aka san sunayensu, a amince ko za a riƙa karɓar 'yan kuɗi kaɗan a kan jarka domin gyara, a rubuta wa zai yi me, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya ajiye kwafi. Idan aikin makaranta ne ko ɗakin shan magani, a shigar da ƙaramar hukuma tun kafin a sa bulo, domin ita ce mai turo malami da ma'aikacin jinya. Wanda yake son abin ya wuce rayuwarsa ya yi tunanin wakafi, wato ya tsayar da shago ko gida wanda kuɗin hayarsa zai riƙa ɗaukar nauyin aikin, tsarin da Musulunci ya daɗe da shi kuma hukumomin zakka da hubusi na jihohi kamar Kano da Sakkwato da Zamfara suke kula da irinsa.

Abu guda da ya kamata a yi nesa da shi shi ne siyasa. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta haramta wa kamfani bai wa jam'iyyar siyasa kyauta ko gudummawa, kuma ko ba don doka ba, rijiyar da aka buɗe da hular jam'iyya rabin unguwa ne za su ɗauke ta tasu.

Kasafi da rubutu da bayar da bahasi

A tsayar da kaso na riba tun farkon shekara, ko da kashi 1 cikin 100 ne, a buɗe masa shafi na kansa a littafin kuɗi, a ɗora wa mutum guda alhakinsa, wanda zai riƙa kawo rahoto ga mai kamfani kai tsaye. Amfanin kaso tsayayye shi ne yana kare kamfani daga masu zuwa da takardar neman taimako kullum, domin akwai amsa ta gaskiya da za a ba su, kuma yana kare al'umma daga shekarar da mai kamfani ya tashi da rowa. A zaɓi ma'aunai kaɗan waɗanda za a iya ƙirgawa ba tare da ƙwararre ba, kamar yawan kwanakin da albashi ya makara, da yawan waɗanda suka ji rauni a bakin aiki, da litar dizal da aka ƙona a kan kowane tan na kaya, da sakamakon gwajin ruwa duk wata uku, da yawan kwanakin da rijiyar unguwa ta yi tana ba da ruwa. Ma'auni na ƙarshen nan ya fi adadin rijiyoyin da aka haƙa faɗin gaskiya.

Wanda yake son tsarin da duniya ta sani zai iya duba ƙa'idar ISO 26000 ta sauke nauyin al'umma, da ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar a 2010, wadda jagora ce kawai ba a ba da takardar shaida a kanta, don haka duk wanda ya zo yana tallar satifiket ɗinta a yi hattara da shi. Wadda ake tantancewa a ba da shaida a fannin muhalli ita ce ISO 14001. Akwai kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanoni ta shekarar 2000 mai ƙa'idoji goma a kan haƙƙin ɗan Adam da ƙwadago da muhalli da yaƙi da cin hanci. Waɗannan takardu suna da amfani na zahiri ga mai neman bashi, domin tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su yi aiki da ƙa'idoji tara na harkar banki mai ɗorewa, waɗanda suka haɗa da duba tasirin abokin hulɗa a kan muhalli da jama'a kafin a ba shi rance. Fayil mai ɗauke da sakamakon gwajin ruwa da rasiɗan fansho da yarjejeniyar unguwa yana sauƙaƙa zama da jami'in banki, haka ma da baƙon da ya zo daga waje duba majema kafin ya yi odar fata.

A ƙarshen shekara a koma wurin da aka yi zaman farko, a gaban mutanen da aka saurara, a karanta musu da Hausa abin da aka yi alƙawari da abin da aka cika da abin da ya gagara da dalilinsa, a liƙa kwafin shafi ɗaya a ƙofar masana'anta da ƙofar mai unguwa. A bar lambar waya guda ta karɓar koke wadda ake ɗagawa, da littafi a wurin mai gadi inda za a rubuta ranar da aka kawo ƙorafi da ranar da aka amsa shi, sannan a sa ranar zama na gaba kafin a tashi.